Ba a Tsayawa a Filin Tsere

Jirgi ya sauke ni a Johannesburg da hantsi, ina sanye da shaddar da na ɗinka musamman don tafiyar, na tarar da wani sanyi da ban taɓa zaton akwai irinsa a Afirka ba. Wanda ya gayyato ni ɗan unguwarmu ne a Dutse, muna ce masa Yaya Sale. Ya rantse min aikin tuƙin babbar mota yana jirana, har da ɗaki da katifa. Na yarda, don shekara da shekaru ina jan hayis tsakanin Dutse da Kano, kuma duk tasha an san Mansur ba abin da ya iya a duniya sai sitiyari. Ɗaki dai akwai, sai dai in mutum zai juya cikin barci sai ya nemi izinin na kusa da shi. Babbar mota kuwa har yau ban sa ta a ido ba. Ba a jima ba Yaya Sale ya ce zai leƙa Durban ya dawo, ya ɗauki jakata mai kyau ya bar min tasa mai ɓallallen zif, daga nan lambarsa ta daina shiga. Allah ya isa na ce a lokacin, kuma har yanzu ban janye ba.

A garin nan na fara sanin tsoro na gaske. A gida ni ne mai baki, in fasinja ya kawo min raini sai na wanke shi tas kafin mu kai Kwanar Huguma. A can na koma bebe. In na shiga motar haya ba na ko tari, don da an ji harshenka an gane baƙo ne, kuma akwai unguwannin da baƙo ba shi da gata. Da idona na ga an fasa shagon wani da rana tsaka, mutane na fitowa da buhunan shinkafa a ka, masu kallo na shewa. Wani Basomale mai shago, Malam Abdi, shi ya tsince ni a masallaci ina rawar ɗari. Bai tambaye ni daga ina ba, bai tambaye ni ya aka yi ba. Ya ba ni wata rigar sanyi mai warin kananzir, ya nuna min bayan buhunan fulawa ya ce in riƙa kwana nan, da safe ga shayi da burodi. In na kira Inna ta wayar maƙwabta sai in ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Ita kuma sai ta ce, Auta, muryarka ta rame.

Malam Abdi ne ya samar min aikin shara da wankin taya a wani fili a bayan gari, inda 'ya'yan masu hali ke tsere da wasu 'yan motoci da ba su fi baro girma ba. In an gyara mota sai an zagaya da ita a ga ko ta yi, makanikan kuma ƙiwa ta yi musu yawa, sai suka riƙa tura ni. Mai filin wani dattijon Bature ne mai ɗingishi, Oga Hendrik, wanda fuskarsa ba ta sakuwa sai in mota ta yi gudu. Wata rana ya tare ni ya tambaye ni inda na koyi shan kwana haka. Na ce masa wanda ya saba kauce wa ramuka da awaki da 'yan acaɓa da mota cike da fasinja, wannan titin nasu mai laushi ai tabarma ce. Bai gane rabin maganata ba, amma agogon da ke hannunsa ya riga ya gaya masa abin da yake so ya ji.

Shi ya gyara min takardun zama, da sunan ƙungiyarsa ta tseren motoci. Wato muddin ina da kujera a motarsa ina da wurin zama a ƙasar. In ya tashe ni daga kujerar, sai jirgi, in koma tashar Dutse hannu rabbana, 'yan kamasho su same ni abin dariya har in tsufa. Na san wannan tun ranar farko, kuma ban taɓa mantawa ba.

Ranar da na fara ganin motar tseren ta gaske sai da na kewaye ta ina kallo. Kujera ɗaya tal, tayoyi huɗu a waje tsirara, ba rufi, ba ƙofa. Ba zama ake yi ba, kishingiɗa ce, mazaunanka na neman gogar kwalta. Aka zura ni ciki, aka ɗaure ni da bel ta kafaɗu da ƙugu da tsakanin cinyoyi, aka ja har numfashi ya gagara, aka kifa min hular kwano. Wallahi makara ce ta faɗo min a rai. Kafin a ta da inji Oga Hendrik ya sunkuyo ya tambaye ni wa za a kira in na mutu. Haka ya faɗa, kamar mai tambaya ko a ƙara maka sukari. Na ce Inna, sai na tuna ba ta da waya, ba ta jin Turanci, kuma ko ta ji me za ta iya daga Dutse? Ba mutuwar ce ta fi razana ni ba. Wa zai yi min wanka, wa zai sallace ni? Na riga na ji a ƙasar akwai waɗanda ake ƙonawa a miƙa wa dangi toka a tulu.

Ɗaya direban ƙungiyar, Rashid, Musulmi ne ɗan Cape Town, ga surutu ga tsokana. Shi ya raɗa min Malam Birki, wai na fi son birki da totur. A bayan tulin tayoyi muke sallar azahar ni da shi. Nan na gaya masa abin da ke cina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga ba na dariya, sai ya ce mahaifinsa ya koya masa wankan gawa, in ta Allah ta kasance shi zai yi min, in kuma shi ya riga ni in yi masa. Muka tafa. Tun da na baro gida ban ji sanyi a raina irin na ranar ba.

Doka ɗaya Oga Hendrik ya fi nanata min. Komai ka gani a titin tsere, kada ka tsaya. In an ɗaga tuta mai ruwan ƙwai ka sassauta, ka wuce. A kowace kwana akwai mutane masu jajayen kaya da tukwanen kashe wuta, akwai likita da motarsa, aikinsu ke nan, ba naka ba. Na ce to. Amma to ɗin a baki ta tsaya. Mu a hanyar Dutse, direban da ya ga haɗari ya wuce ya gama yawo a tasha, ko gaisuwarsa ba mai amsawa. Ko wa ka ɗauko sai ka faka. A sauke fasinja, a ɓalle ƙofa da hannu, a jawo mutane, a yayyafa musu ruwa, a zuba su a motarka sai asibiti, jinin kujera ka wanke daga baya. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min wannan. Tun ina kwandasta ƙafata ta san shi.

Kakar tsere ta farko ta tafi lafiya, har an fara sanin sunana, ko da yake mai sanarwa bai taɓa faɗinsa daidai ba. Ana gab da ƙarewa ne abin ya faru. Rana ce mai haske, Rashid na gabana kaɗan. Aibin irin wannan mota shi ne tayoyin nan da ke waje, in taya ta taɓa taya sai ɗaya ta hau ɗaya. Haka ta faru. Na ga tayarsa ta goga ta wani, motar Rashid ta tashi sama, ta juya, ta faɗo a kife kusa da katanga, hayaƙi ya tashi, sai harshen wuta.

Ban yi tunani ba, balle in tuna wata doka. Sai kawai na ji ƙafata a kan birki har ƙasa. Na tsayar da motar daidai fitar wata kwana da na baya ba ya ganin abin da ke gabansa. Na yi kokawa da bel ɗin na ɓalle, na fito, na tsallaka titin da gudu, motoci na wucewa ta gabana da bayana, iskarsu na fizgar ƙafafuna. Ina salati da ƙarfi a cikin hular kwano. Na isa, na durƙusa, na kamo hannunsa ina ja da duk ƙarfina, na manta ɗaure yake tamau. Zafin wutar na dukan wuyana. Sai na ji an ɗaga ni an maka da ƙasa, wani ƙato mai jajayen kaya ya zauna a bayana, sauran suka feshe motar da farin kumfa, wutar ta mutu kafin in gama zaginsa. A lokacin ne na ji wata ƙara a baya. Wani direba ɗan ƙasar, sabon ango, ya fito daga kwanar ya tarar da motata a tsaye, ya kauce mata ya daki katanga. Ƙafafunsa biyu suka karye.

Rashid bai ƙone ba. Abin da ya same shi gocewar kafaɗa ce, kuma likita ya ce ba faɗuwar motar ce ta gusar da ita ba, ja ne. Na je duba shi da lemo a leda, ina jin kunya ina kuma jiran ya tsokane ni mu yi dariya. Bai tsokane ni ba.

Ya ce, "Mansur, na gode. Amma ka sani, da kai ne a ƙasa, da na wuce ka."

Na ce ya daina wasa.

Ya ce, "Ba wasa nake ba. Da na wuce, in gama tseren, sannan in zo in yi maka wankan da na yi alkawari."

Na fito daga asibitin. Mutumin da na fi kusa da shi a duk ƙasar ke nan, kuma gaskiyarsa ya gaya min. Na tsaya a bakin titi ina kallon motoci, na ji ba ni da kowa.

Masu kula da tseren suka zauna, suka hana ni sake hawa mota mai kujera ɗaya. Oga Hendrik ya daɗe bai yi min magana ba, ina shara yana wucewa kamar bai san ni ba, ni kuma kullum jakata a ɗaure. Sai wata safiya ya kira ni ya ce ƙofa ɗaya ta rage. Akwai tseren motoci masu rufi, a wani fili mai siffar ƙwai, inda ake ta kewayawa ta hannu ɗaya kullum. Zai sa ni a can. Amma in na sake taka birki don wata mota da ta faɗi, shi da kansa zai kai ni filin jirgi.

Waɗannan motoci a ido kamar motar gida suke, amma an yashe cikinsu an gitta ƙarafa kamar keji, an liƙe ƙofofin da walda, ta taga ake shiga. Kafin ya bar ni in shiga tsere sai da ya yi min horon da ba zan yi wa maƙiyina ba. Ya sa aka jawo wata matacciyar mota aka kifar da ita a kwana, aka cinna wa tsofaffin tayoyi wuta a gefenta. Ya cusa tsummoki a tsohuwar rigar tseren Rashid, ya ɗora mata hular kwano, ya saƙalo hannun rigar ta taga yana reto. Sannan ya ce in kewaya. Akwai na'ura a motar da ke tona min asiri duk sanda na taɓa birki. In na dawo sai ya buga rufin da sifana har kunnena ya yi ƙara, ya ce kada in kalli motar, in kalli sararin da zan bi, don inda ido ya tafi nan mota ke zuwa. Na san tsumma ne, na ga sanda aka cusa shi, amma duk zuwa sai ƙafata ta zabura. Na yi amai a cikin hular kwano. Na zage shi da Hausa, ya zage ni da yarensu, muka ci gaba. Makonni muna haka. Wata rana na dawo bai buga rufin ba, ya tambaye ni wane hannun rigar ne a waje yau. Na ce ban lura ba. Ya ce to na gama.

Tseren motoci masu rufi rigima ce tsantsa. Ana gogar juna, ana turo ka ta baya, 'yan kallo na gasa nama a bayan waya suna ihun murna in an yi karo. Tsoro bai bar ni ba, kullum kafin in shiga ta tagar nan sai na karanta duk abin da na iya, hannuna na rawa har sai an ta da inji. Ba a daɗe ba gwajin gaske ya zo. Motoci uku suka cakuɗe a gabana, ɗaya ta hau katanga, na hango hannun mutum na gaske a waje. Idona ya nemi sarari, ya samu, na bi. Na zo na uku, aka ba ni kofi, Oga Hendrik ya rungume ni yana dariya. Sai da nake cin abinci na tuna ban tambayi ko mutumin ya rayu ba. Ya rayu. Amma na riga na cinye abincin kafin in tambaya.

Haka na yi shekaru. Aka rubuta sunana a jikin mota, na kama gidana, na saya wa Inna waya, na mayar wa Malam Abdi rigar sanyinsa da sabuwa a kai ya ƙi karɓar sabuwar. Rashid ya warke ya koma motarsa, muna gaisawa, muna sallah tare in mun haɗu. Kujerata ta zauna daram, ba wanda ya sake yi min maganar jirgi.

Da kaka na zo gida hutu, an yanke gero an jingine a gonaki. Dutse ta cika da tituna da Napep har na kusa ɓata a garinmu. A tasha aka yi min tarba, 'yan kamashon da nake tsoron dariyarsu su ne masu ɗaukar hoto da ni. Inna ta shafa kaina ta ce na yi ƙiba amma idona ya canza. Na ce tsufa ne.

Ana haka aka haihu a gidan ƙanwarta a Kiyawa, ta ce in kai ta suna. Na ari motar yayana, ta zauna a baya da kwanon masa a cinya da sabon mayafi. Ranar kasuwar Shuwarin ce, hanya cike. Mun wuce kasuwar kaɗan, sai ga haɗari a gabanmu, ko ƙura ba ta kwanta ba. A-kori-kura ce mai lodin buhuna da mutane a sama ta yi karo da Napep. Gero ya watse a kwalta. Wata mata na zaune a tsakiyar titi ta riƙe kai da hannu biyu, wani dattijo na kwance, hularsa can gefe. Mu ne motar farko.

Na ga sarari tsakanin wani buhu da ƙafar dattijon. Na sassauta kaɗan, na karkata sitiyari, na bi. Ko ƙwayar gero ban taka ba.

Daga kujerar baya na ji muryar Inna, a hankali. "Auta, ba ka gani ba ne?"

Na ce, "Na gani, Inna."

Sai da na ji amsar daga bakina sannan abin ya iso ni. Mun riga mun yi nisa. Na taka birki, na juya, kafin mu koma wata hayis ta tasharmu ta faka, fasinja sun zuba a titi, ana ɗaukar mutane ana sawa ciki. Direban ya san ni, ya kuma ga motar da ta wuce. Ya dube ni sau ɗaya ya ci gaba da aikinsa. Na kama ƙafafun dattijon muka sa shi a mota, ba wanda ya ce min sannu. Inna ta ajiye kwanon masa a ƙasa, ta cire sabon mayafinta ta ɗaure wa matar nan kai, ta riƙe ta har aka tafi da ita.

Da wurin ya watse na buɗe mata ƙofar mota. Ba ta shiga ba. Ta ɗauki kwanonta ta ɗaga wa wani mai Napep hannu. Na bi ta ina ba ta haƙuri, ina cewa aikin ne ya sa, a can haka ake yi, akwai masu kula da waɗanda suka faɗi. Ta saurare ni har na gama, ba faɗa, ba ɗaga murya.

Ta ce, "Je ka, Auta, Allah ya kiyaye hanya. Ni zan bi wanda in na faɗi zai tsaya."

Ta hau, suka tafi. Na shiga mota na bi bayansu a hankali, manyan motoci na yi min hon suna wuce ni. Na duba hannuna a kan sitiyari ko zan ga yana rawa, ban ga komai ba, kuma wannan ya tsorata ni fiye da wutar da na gani a motar Rashid. Har muka shiga Kiyawa ina hango bayan kanta ta ledar Napep, ba ta waiwayo ba.